Ciwon Kan Da Yawan Shan Magani Ke Jawowa: Yadda Ake Gane Shi Da Yadda Ake Rabuwa Da Shi

Akwai wani nau'in ciwon kai wanda maganin ciwon kan ne da kansa yake haddasa shi. Mutum ya saba da zarar kansa ya sara sai ya aika a sayo masa Panadol ko Alabukun, ya kora da ruwa, ciwo ya lafa, ya koma bakin aikinsa. Da farko sau ɗaya ne a mako. Sannu a hankali ya koma sau uku, daga nan ya zama kullum. A ƙarshe sai ka ga mutum da ciwon yake kwana, da shi yake tashi, kuma maganin da a da yake yi masa aiki yini guda yanzu ko awa uku ba ya kaiwa. Likitoci suna kiran wannan matsala ciwon kai na yawan shan magani.

Daga 'yan dakon kasuwar Dei-Dei da Zuba a Abuja har zuwa 'yan uwanmu da ke Agege, Mile 12, Sabon Ibadan da Fatakwal, rayuwar kusan iri ɗaya ce: aiki mai nauyi, rana, ƙarancin barci, ga kemis a bakin layi. Shi ya sa ya kamata kowa ya san wannan ciwo. Daɗin abin dai shi ne ana warkewa, kuma maganinsa na farko ba ya cin ko sisi.

Mene ne wannan ciwo?

Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya, a kundin rabe-raben ciwon kai da ta fitar karo na uku a shekarar 2018, ta ce ana kiran ciwo da wannan suna ne idan abubuwa uku suka haɗu. Na farko, mutumin dama can yana da ciwon kai da ke taso masa lokaci zuwa lokaci, kamar ciwon ɓarin kai ko ciwon kai na gajiya da damuwa. Na biyu, yanzu kan yana yi masa ciwo kwana 15 ko fiye a cikin wata. Na uku, ya haura wata 3 yana shan maganin rage ciwo fiye da ƙima.

Sharaɗin farko yana da muhimmanci. Wanda ke shan maganin ciwo saboda gwiwa ko baya, alhali shi ba mai ciwon kai ba ne, da wuya wannan matsala ta same shi. Amma mai ciwon ɓarin kai, ko da saboda ciwon baya yake shan maganin, kansa na iya rikicewa.

Ba sabon abu ba ne a wajen likitoci. Tun a 1951 wasu likitoci biyu na asibitin Mayo da ke Amurka, Peters da Horton, suka bayyana yadda masu yawan shan maganin ergotamine ke ƙarewa da ciwon kai na kullum, wanda kuma yake sauƙi in sun daina. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna yana shafar kimanin mutum 1 zuwa 2 a cikin kowane 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wasu al'ummomin yana kaiwa 5 cikin 100, kuma ya fi kama mata fiye da maza.

Kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sai ka ji mutum ya ce, "Ai ni biyu kacal nake sha a rana, ban taɓa wuce ƙa'ida ba." To, a wannan ciwon ba yawan ƙwayar da ka sha a rana ake dubawa ba, yawan ranakun da ka sha a wata ake dubawa. Iyakar ta kasu kashi biyu.

Kwana 15 a wata: wannan ita ce iyakar magungunan da ba a gauraya su da komai ba, wato farasitamol zalla, asfirin, ibuprofen, diclofenac, piroxicam da 'yan uwansu. Duk kan layi ɗaya ake lissafa su. In ka sha farasitamol kwana 8, ka sha ibuprofen kwana 8, ka yi kwana 16 kenan, ka tsallake iyaka. Canja suna ba ya goge lissafi.

Kwana 10 a wata: wannan ita ce iyakar magungunan da aka gauraya, musamman masu sinadarin kafeyin, irin su Panadol Extra, Alabukun da Ibucap. Haka nan tiramadol da kodin da danginsu, da magungunan ciwon ɓarin kai na musamman kamar sumatriptan da ergotamine.

Kwana 10 a wata fa ba wani abu ne mai yawa ba. Wanda ke sha sau uku a mako ya riga ya wuce. Ka ga kenan mai shan ƙwaya biyu kowace safiya kafin ya fita ya fi shiga wannan haɗari a kan wanda ya sha shida a rana ɗaya da ciwo ya tsananta masa, sannan ya yi mako biyu bai sake taɓawa ba.

Ta yaya magani yake zama cuta?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo, akwai kuma waɗanda ke danne shi. Idan ana yawan toshe saƙon da magani, a kwana a tashi sai hanyoyin ɗaukar ciwon su ƙara kaifi, na dannewar kuma su yi rauni. Abin ya yi kama da ƙararrawar mota da ta lalace: a da sai ɓarawo ya taɓa ƙofa take kuka, yanzu ko akuya ta gifta sai ta ɗauka. Ɗan ƙarancin barci, ɗan jinkirin abinci, ɗan hayaniyar kasuwa, duk sai su tayar da kai.

Sannan da zarar ƙarfin maganin ya fita daga jini, ciwon sai ya dawo. Mutum ya ƙara sha, ya lafa, ya sake dawowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dalilin da ya sa ciwon ya fi tsanani da asuba kenan, domin maganin da aka sha da daddare ya gama aikinsa ana cikin barci.

Me ya sa abin ya fi kusa da mu?

Ka ɗauki ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Nyanya yana aiki a cikin birnin Abuja. Tun kafin gari ya waye yake fita don gudun cunkoso, ba ya dawowa sai dare. Ka ɗauki mai fasa dutse a Mpape, ko ɗan dako a Dei-Dei, ko mai gadin da ya kwana a zaune. Duk ranar da bai fita ba babu kuɗin cefane. Zuwa asibiti yana nufin asarar yini guda da kuɗin kati. Kemis kuwa minti biyu ne. Haka lamarin yake ga ɗan acaɓa a Legas, mai tura baro a Onitsha, da direban tirela mai jiran lodi a Apapa.

Abu na biyu shi ne haɗi. Mutum ya je kemis ko wajen mai tallan magani a tasha ya ce, "A haɗa min na gajiya," a ɓallo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulla a leda. A ƙasar Yarabawa ana ce wa wannan akapo. Mai sha bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa akwai maganin ciwo iri biyu ko uku a ciki, wani lokacin har da mai kafeyin ko tiramadol. Duk mai shan haɗi ya ɗauka iyakar kwana 10 ce ta hau kansa, kuma ya fi masa alheri ya bar shi baki ɗaya.

Abu na uku shi ne kafeyin. Garin Alabukun, wanda Jacob Odulate ya ƙirƙiro tun 1918 kuma har yau ake sayar da shi a ko'ina a Kudu, asfirin ne da kafeyin. Goro ma kafeyin ne a cikinsa, haka shayi, Nescafé da lemukan ƙara kuzari. Jikin da ya saba da kafeyin, in ya rasa shi na yini guda, da ciwon kai yake nuna fushinsa. Wannan ne ciwon kan da masu cin goro da shan shayi mai kauri suke fama da shi a kwanakin farko na azumi. Mutum sai ya zaci wata cuta ce, ya sha magani mai kafeyin, ya ji garau, alhali abin da jikin ya rasa ne kawai aka mayar masa.

Abu na huɗu shi ne tiramol da kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Abuja a watan Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC a kan yadda matasa ke shan sa. Hukumar NAFDAC kuma tiramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai ta amince da shi. Na 200 da 225 da ake gani a kasuwa haramtacce ne. Da yawa daga masu shan tiramol ba don maye suka fara ba, don ƙarfin aiki ne. Amma yana cikin magungunan da suka fi saurin mayar da ciwon kai na lokaci-lokaci ya koma na kullum.

Alamomin da za ka gane shi

Ciwon kan yana zuwa kusan kullum, galibi tun daga farkawa. Wani lokacin nauyi ne kamar an ɗaure kai da rawani mai tsauri, wani lokacin sara ne a ɓari guda har da tashin zuciya. Magani yana kwantar da shi na ɗan lokaci, ya dawo. Mutum yakan fara shan magani tun kafin ciwon ya zo, don tsoron kada ya kama shi a wajen aiki. Ba ya fita sai da ƙwaya a aljihu, in ta ƙare hankalinsa ya tashi. Akan samu saurin fushi, mantuwa, rashin natsuwa da barci marar daɗi.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna wannan ciwo. Da lissafin kwanaki ake gano shi. Don haka ka sami kalanda ko ƙaramin littafi: duk ranar da kai ya yi ciwo ka yi alama ɗaya, duk ranar da ka sha magani ka yi wata alamar, ka rubuta sunan maganin. Wanda bai iya rubutu ba ya riƙa tara fankon kwalin ko ledar maganin, ya kai wa likita yadda suke.

Ciwon kan da ba a jira da shi

Kafin maganar daina magani, dole a tabbatar ba wata cuta ce mai haɗari take ɓoye ba. A garzaya asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa jin kamarsa ba.

Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, domin yana iya zama sanƙarau, musamman lokacin zafi.

Ciwon kai tare da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar harshe, ruɗewa, suma ko jijjiga.

Ciwon kai bayan faɗuwa daga babur ko bugu a ka, ko da an yi kwanaki.

Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, ko mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko daji.

Ciwon kai ga mai juna biyu ko mai jego, musamman in akwai kumburin fuska da hannu ko dishi-dishin gani.

Ciwon kai da ya kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci guda alhali janareto ko gawayi na ci a kusa. Hayaƙin ne, kuma yana kisa cikin barci. A fita waje nan da nan.

Ban da waɗannan, a auna hawan jini, a yi gwajin maleriya in akwai zazzaɓi maimakon a yi ta shan maganinta da ka, a kuma duba ido in karatu ko kallon waya ne ke tayar da ciwon.

Yadda ake magance shi

Mataki na farko shi ne mutum ya yarda cewa maganin ne matsalar. Kada a raina wannan. Wani bincike da aka yi a ƙasar Norway ya nuna cewa ɗan gajeren bayani daga likita kawai ya sa marasa lafiya da dama sun rage shan magani, ciwon kansu kuma ya ragu. Mai wannan ciwo ba ɗan ƙwaya ba ne, mutum ne da ya nemi sauƙi ta hanyar da ya sani. 'Yan uwa su guji gori.

Mataki na biyu shi ne dainawa. Ga masu shan farasitamol, asfirin, ibuprofen, diclofenac, Panadol Extra, Alabukun, sumatriptan ko ergotamine, shawarar masana ita ce a daina lokaci guda, ba a hankali ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a yi aƙalla wata 1 ba a taɓa su ba, sannan likita ya sake duba mutum bayan mako 4 zuwa 8. A cibiyar ciwon kai ta Denmark har wata 2 suke sa a yi.

Mataki na uku shi ne shirya wa kwanakin wahala. Gaskiya ɗaya ce: ciwon zai ƙaru kafin ya ragu. Akan yi fama da ciwon kai mai tsanani, tashin zuciya, amai, rashin barci, faɗuwar gaba da rashin sukuni. Ga yawancin mutane wannan yana ɗaukar kwana 2 zuwa 10, ko da yake wasu sukan kai mako 4. A nan ne mafi yawa suke karaya su koma, suna cewa, "Ka gani ko, ba zan iya ba sai da shi." Alhali wannan tsananin alama ce ta jiki yana komawa daidai.

Abubuwan da ke taimakawa a wannan lokaci:

Ka zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi. In ranar Lahadi kasuwarku ba ta ci, ka fara ranar Juma'a ko Asabar. Ka gaya wa maigidanka ko abokin sana'arka, ka ɗan tanadi kuɗin abinci na 'yan kwanaki.

Ka kwashe duk maganin da ke ɗaki da aljihu da cikin mota ka ba wani ya tafi da shi.

Ka sha ruwa sosai, ka ci abinci a kan lokaci ko kaɗan ne, ka kwanta a wuri mai duhu da iska, ka ɗora tsumma mai sanyi a goshi.

Goro da shayi kada ka yanke su rana ɗaya tare da maganin, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku. Lemukan ƙara kuzari kuwa ka bar su.

In amai ya yi yawa, likita zai iya ba da maganin tsayar da shi. Kada ka je kemis a yi maka allurar ciwo, domin maganin nan ne dai ya dawo ta wata ƙofa.

Bayan an tsallake wannan gaɓa, yawancin mutane sukan ga ciwon ya ragu sosai cikin wata 2. Ba lallai ya tafi gaba ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne ciwon asali ya koma yadda yake a da, sau kaɗan a wata, kuma magani ya dawo yana yi masa aiki.

Masu shan tiramol da kodin: hanyarku daban ce

Wanda ya daɗe yana shan tiramadol, kodin, allurar pentazocine, ko maganin barci irin su diazepam, kada ya daina lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Jikinsa ya riga ya dogara da su. Yankewa farat ɗaya na kawo gumi, rawar jiki, gudawa, ciwon gaɓoɓi da firgici, a wajen maganin barci kuma har da jijjiga mai haɗari. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa mataki-mataki, wani lokacin sai an kwantar da mutum. Shi kansa tiramadol mai yawa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Aikinsa jinya ne, ba kamu ba.

Maganin rigakafi

Tunda ciwon asali ne ya jefa mutum cikin yawan shan magani, in ba a kula da shi ba za a koma gidan jiya. Akwai magungunan da ake sha kullum don rage yawan tasowar ciwon, kuma su ba sa jawo wannan matsala. Daga cikin waɗanda ake samu a Najeriya akwai amitriptyline, propranolol da topiramate. Wani bincike da cibiyar Denmark ta buga a 2020, a kan marasa lafiya 120, ya gwada hanyoyi uku, ya gano cewa haɗa daina magani da fara na rigakafi tun daga farko shi ya fi warkar da mutane.

Amma likita ne kaɗai zai zaɓa maka. Propranolol bai dace da mai asma ba. Amitriptyline na sa barci, don haka direba da ɗan acaɓa su faɗi sana'arsu. Topiramate da sodium valproate suna iya cutar da ɗan tayi, don haka macen da ke da ciki ko take sa ran samu ta faɗa tun kafin a rubuta mata. Sannan ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ana sha kafin a yanke hukunci a kansu. A ƙasashen waje akwai sababbin allurai na ciwon ɓarin kai da aka fara amfani da su tun 2018, sai dai suna da tsada ƙwarai.

Waɗanda ba za su daina da kansu ba

Mai sikila, mai ciwon daji, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai tsohon ciwon gaɓoɓi da likita ya ɗora a kan magani, su koma wajen likitansu a sake tsari, kada su yanke da kansu. Wanda aka ba ƙaramin asfirin mai miligiram 75 saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya ci gaba da shan abinsa. Mai juna biyu ta kai maganar wajen awo. Yara ma suna kamuwa da wannan ciwo, musamman 'yan makaranta da ake ba farasitamol kullum. A kai su asibiti, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin ko Alabukun.

Sauran ɓarnar da ke tafiya a ɓoye

Ba kai kaɗai ke shan wahala ba. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Wuce haka na lalata hanta, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A lura, magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba. Ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin kuwa suna jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini, musamman ga mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa. Duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ko ya yi aman jini, asibiti kai tsaye.

Ina za a je?

Ba sai an fara da babban asibiti ba. Likitan asibitin gwamnati mafi kusa zai iya gano wannan ciwo ya tsara dainawa. A Abuja akwai manyan asibitocin Wuse, Maitama, Asokoro, Kubwa, Nyanya, Bwari da Kuje. In abin ya ƙi, ko an gwada dainawa an kasa, sai a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. A Kudu akwai LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, UCH a Ibadan, UBTH a Benin, UNTH a Enugu da UPTH a Fatakwal. Likitan jijiyoyi ba likitan taɓin hankali ba ne, kada sunan ya tsorata kowa. Masu fama da tiramol da kodin kuma za su sami taimako a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas da Aro a Abeokuta, kuma hukumar NDLEA na da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi.

Wanda Turanci ko Yarabanci ke ba shi wahala ya tafi da wanda zai yi masa tafinta, ya kuma riƙe kalandarsa da fankon magungunansa.

Game da masu kemis, da yawansu 'yan uwanmu ne, kuma su ne suka fi kowa sanin wanda ke zuwa kullum. Hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, mai hedikwata a Idu da ke Abuja, lasisin da take ba masu ƙananan shagunan magani bai ƙunshi sayar da tiramadol da makamantansa ba. Mai shagon da ya ga mutum ɗaya yana sayen maganin ciwon kai kusan kowace rana, ya tambaye shi kwana nawa yake sha a wata, ya tura shi asibiti. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su ma suna da bakin da za a ji in sun yi wannan magana a taro.

Kada a koma

Komawa ruwa ta fi yawa a cikin shekarar farko, don haka a riƙe waɗannan ƙa'idoji. Maganin ciwon kai kada ya wuce kwana 2 a mako. In za a sha, a sha cikakken adadin da aka ƙayyade da wuri, maimakon a yi ta gutsura kullum. A zaɓi magani guda wanda aka san sunansa, a cikin kwalinsa mai lambar NAFDAC, a bar haɗi. A guji tiramadol da kodin don ciwon kai kwata-kwata. A kiyaye lokacin barci da na abinci gwargwadon hali, a sha ruwa kafin ƙishi ya kama, a sa hula ko malafa in aikin rana ne. Kalandar nan kuma a ci gaba da cika ta. Duk watan da ranakun shan magani suka kai 8 ko 9, lokacin komawa wajen likita ya yi, tun kafin a kai ga iyaka.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.